Mai Tara Hatsi Daban, Mai Riƙe Makullin Rumbu Daban

Jama'a, yau za mu leƙa gidan wasu mutane masu nisa da mu, domin Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mutanen su ne mabiya cocin Mormon, wanda Joseph Smith ya kafa a Amurka a 1830, hedkwatarsa kuma tana birnin Salt Lake na jihar Utah. Cocin ya iso har Nijeriya, inda yake da babban ɗakin ibada a Aba tun 2005.

A wannan coci, duk namijin da aka yarda da halinsa ana iya ba shi matsayin limanci tun yana kimanin shekara 12, amma mace ko ta tsufa tana hidima ba a ba ta. Alhali kuwa hidimar tana wuyan mata. Tun 1842 suke da ƙungiyarsu ta agaji. A 1876 shugaban cocin, Brigham Young, ya umarce su da su riƙa tara alkama saboda ranar yunwa. Suka shiga kala a gonaki, suka saya da kuɗinsu, suka gina rumbuna. Da aka zo 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka sayar wa gwamnatin Amurka sama da tan 5,000 na alkamar nan. Shugabanni maza ne suka ƙulla cinikin kafin su ji ta bakin masu tarin, sai daga baya aka ba su haƙuri. Duk ɗan kasuwa ya san zafin a sayar da kayansa yana bayan gida, a dawo masa da labari.

Matan da suka ɗaga murya kuma sun ɗanɗana kuɗarsu. An kori Sonia Johnson daga cocin a 1979 bayan ta yi ta sukar shugabanni kan adawarsu da dokar daidaita maza da mata a Amurka. An kori lauya Kate Kelly a 2014 saboda fafutukar a ba mata limanci. Duk da haka ƙofar ta ɗan buɗe: a 2013 mace ta ja addu'a a babban taron cocin karo na farko, a 2019 kuma aka yarda mata su tsaya shaida a wurin baftisma.

To, maganar limanci tasu ce, su ƙarata can, mu addininmu yana da nasa hukunci. Abin da ya shafe mu shi ne makullin rumbu. Mu dubi unguwarmu ta Diguel a nan Njamena. Su wa ke sammako su tsallaka gadar Ngeli zuwa Kusuri su saro kaya? Su wa ke sayar da busasshen kifi, da gyaɗa, da kuɓewa, da turaren wuta? Adashin wa ke biyan kuɗin makarantar yara idan kasuwar maigida ta yi sanyi? Hatta wadda take cikin kulle, tallan da take ɗora wa yara yana cikin abin da ke riƙe tukunyar gida. Idan an tashi gyaran masallaci ko ƙara aji a Islamiyya, mata ba sa ja da baya wajen taimako.

Amma ranar da za a raba rumfuna, ko a yanka kuɗin shara da na gadi, ko a tura wakilai su tattauna da 'yan duwan, mu maza mukan zauna mu kaɗai, mu yanke, mu aika musu da saƙo. Bazawarar da ke ciyar da marayu biyar takan biya daidai da mai shago uku, ba ta kuma da inda za ta kai kuka.

Wani zai ce wannan ai aƙidar Turawa ce ta 'yancin mata muke son shigowa da ita. Sam! Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, 'yar kasuwa ce mai dukiyar kanta. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ɗora Shifa'u 'yar Abdullahi a kan lura da al'amuran kasuwar Madina. A Sakkwato, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis, tana ba su malfa, su shiga ƙauyuka suna karantar da mata. A 1985 mata Musulmi suka kafa FOMWAN a Minna. Ita ma gwamnatin Chadi, a 2018 ta yi dokar ware wa mata kashi 30 cikin 100 na muƙamai. Ashe mu ne muka yi baya da gadonmu.

Masu tsoron cuɗanya kuwa, damuwarsu tana kan hanya, kuma tana da magani. Mata su yi nasu zama, su zaɓi dattijuwa biyu ko uku da za su wakilce su a ƙungiyar 'yan kasuwa da kwamitin Islamiyya. Asusun da suka tara ya zauna a hannun ma'ajinsu, kada a taɓa sisi sai da izininsu. A karanta musu lissafin shiga da fita kamar yadda ake karanta mana. Malamanmu kuma su ware musu darasi kan hukuncin ciniki, bashi da gado, domin wadda ta san haƙƙinta ba a cinye mata shi cikin sauƙi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada mu jira sai an sayar da alkama mu koma muna ba da haƙuri. Allah Ya ba mu ikon yin adalci, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.