Ɗaki Mai Taya Ba Zaman Daji Ba Ne

A Amurka da Ingila, idan hutu ya zo, iyalai da yawa kan ɗaura wa motarsu wani ɗaki mai taya, su ja shi zuwa daji ko bakin tafki. A Amurka ma tirela suke ce masa, amma ba irin mai ɗauko siminti ba. A ciki akwai gado, da murhun gas, da firij, da banɗaki, wani har da talabijin da na'urar sanyaya ɗaki. Su yi mako guda su dawo, su ce sun yi zaman daji. Masu kwana a tanti kuwa sai su ce musu: a'a, kun dai kai gidanku yawo. Mu a ƙungiyar 'yan jarida muna bayan masu tanti.

Tun 1907 hanyoyin biyu suka rabu. A shekarar aka kafa ƙungiyar masu irin waɗannan ɗakuna a Ingila, lokacin dawaki ne ke jan su. A shekarar ce kuma Baden-Powell ya kwashi yara wajen 20 ya kai su tsibirin Brownsea, suka kwana a tantuna, suka koyi girki a fili da bin sawu da ceton rai. Daga nan harkar sikawut ta samo asali. Waɗancan sun fita shan iska, waɗannan sun fita koyon yadda mutum zai riƙe kansa idan babu bango babu famfo.

Nan ne bambancin yake. Mai tanti dole ya duba inda ruwa zai bi idan an yi sama, kada ya kafa a kwari. Dole ya san busasshen ice da ɗanye, ya lissafa ruwan jarkarsa, ya karkaɗe takalminsa da safe saboda kunama. Idan hadari ya taso, kowa ya kama igiya, har wanda kuka yi faɗa da shi jiya. Mai tirela fa? Ya ja ƙofa ya kunna fitila. Dajin ya zame masa hoto a taga.

Ba mu ce tirela ba ta da amfani ba. Tsoho mai ciwon baya, da mai keken guragu, da uwa mai goyo, ita ce ke kai su inda da ba za su je ba. A gandun dajin Yellowstone na Amurka ma akwai masaukin da aka hana tanti sam, saboda namun daji masu haɗari. Wannan yawon buɗe ido ne, kuma abu ne mai kyau, sai dai a kira shi da sunansa. Wanda ya kwana a ɗakunan Wikki a Yankari ya ga giwaye, amma bai kwana a daji ba.

Wani zai ce ina ruwanmu, tunda ba mu da tirela. Muna da ƙanenta. Duk lokacin da aka ce 'yan sikawut za su fita, tambayar farko ita ce ko za a tafi da janareta, ta biyu kuma wa zai yi girki. Muna roƙon malamanmu, a fita ta gaba a bar janareta a makaranta, a raba wa kowane rukuni tukunya da ashana.