Gabas Da Yamma, Kudu Da Arewa

Iyaye, ku gwada wannan yau da magariba. Ku kira yaro ɗan aji huɗu, ku ce ya nuna muku kudu. Da yawa za su yi tsaye suna sosa ƙeya. Mu malamai muna ganin haka a aji, abin kuwa yana damunmu.

A Malisa da sauran ƙauyukan Gwandu da Kalgo, in an sayar da gona, akan faɗi wanda ta yi iyaka da shi gabas da yamma, kudu da arewa. Yaron da bai san waɗannan ba, yaya zai tsare gadonsa in dattawan da suka shaida sun ƙare?

Mutanen Japan su ma haka suke jera su. Higashi gabas ke nan, nishi yamma, minami kudu, kita arewa. Da gabas suke farawa kamar mu, Bature kuwa da arewa. Sunan ƙasarsu a bakinsu Nihon, wato mafitar rana. Babban birninsu dā Edo ake ce masa. A 1868 aka sake masa suna Tokiyo, ma'ana babban birnin gabas, domin yana gabas da tsohon birnin sarki, Kiyoto. Dama migi suke ce mata, hagu hidari. Fuskar abu, kamar ta zane ko ta gida, omote, bayansa ura.

To, mu ma ba a bar mu baya ba. Da jikinmu muke auna duniya: bakin gulbi, gindin tsamiya, kan tudu, bayan gari. A ƙasar Sakkwato da Kabi tsofaffi suna ce wa kudu gusun, hagu kuma hauni. Ƙasar nan tamu ma da shiyya aka ba da ita, gama a 1812 Shehu Usmanu ya danƙa yamma a hannun ƙanensa Abdullahi, gabas a hannun ɗansa Bello.

Koyarwar ba ta da wuya. Ku tsai da yaro da sassafe ya fuskanci rana. Gabansa gabas, bayansa yamma, damansa kudu, hagunsa arewa. In kun aike shi, ku daina nuni da baki. Ku ce gida na uku arewa da rijiya. Ran asabar kuma ku kai shi gona, ku zaga iyaka tare, yana faɗin sunan kowane maƙwabci da shiyyarsa.