Asibitin Talaka: Tsawa Kafin Allura

Duk ɗan'uwan da ya taɓa raka mahaifiyarsa asibitin gwamnati ya san abin da ake nufi. Tsohuwa ta yi sammako tun bayan asuba, ta yanki kati, ta bi layi har rana ta take. Da aka kira sunanta, kafin ta gama sallama an daka mata tsawa: "Iya, yi sauri, ba ke kaɗai ba ce!" Ta soma bayanin ciwonta daga tushe yadda tsofaffi suka saba, aka katse ta. Nas ta auna jininta, ta rubuta lamba a kati, ba ta gaya mata ya hau ko ya sauka ba. Ta dawo gida da ƙullin ƙwayoyi, ba ta san na safe ba, ba ta san na dare ba. Ɗanta ya tambaye ta me suka ce, ta ce, "Ba su ce komai ba."

Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin rashin fara'a kawai, abin da haƙuri zai magance. To ba haka ba ne. Bakin da aka rufe a asibiti yana kai mutum kabari. Maganin tarin fuka wata 6 ake yi ana sha, amma mai shansa yakan ji sauƙi cikin 'yan makonni. Idan babu wanda ya zaunar da shi ya gaya masa cewa sauƙin nan ba warkewa ba ce, sai ya ajiye maganin, cutar ta dawo, wani lokaci ta dawo ba ta jin magani, ya kuma shafa wa iyalinsa. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama. Wanda ba a gaya masa haka ba, ranar da kansa ya daina ciwo zai daina shan magani, sai a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. Wanda kuma aka taɓa yi wa ihu don ya ce ya sha jiƙo, gobe ba zai sake faɗa ba, alhali mai ba shi magani yana bukatar sanin abin da ya riga ya shiga cikinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan an hana shi magana, wa zai nuna wurin?

Ɗakin haihuwa kuwa abin ya fi muni. Mata da yawa suna ba da labarin gori da baƙar magana, har da duka, a lokacin da suke tsakanin rai da mutuwa. Abin ya kai Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa ta musamman a 2014 kan wulaƙanta mata a wurin haihuwa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin haihuwa 100 a Nijeriya, 39 ne kawai aka yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa wajen 16. Akwai rashin kuɗi a ciki, akwai nisan hanya, akwai al'ada. Amma macen da aka ci wa mutunci sau ɗaya, ita da ƙannenta da maƙwabtanta duk sun ji labari. Ranar da jini ya ɓalle wa ɗayarsu a gida, wa zai amsa tambaya gaban Allah?

Abin takaicin shi ne babu nas ɗin da za ta ce ba a koya mata ba. Tun 1952 wata malamar jinya Ba'amurkiya, Hildegard Peplau, ta rubuta littafi sukutum kan cewa aikin jinya hulɗa ce tsakanin mutum biyu, kuma darasin yadda ake magana da majinyaci yana cikin karatun makarantun jinya. Ba wani abu ne mai wuya ba: a gaishe shi, a faɗa masa sunan mai duba shi, a bar shi ya kai ƙarshen zancensa, a gaya masa abin da za a yi masa kafin a taɓa jikinsa, a rufa masa asiri, sannan a sa ya maimaita bayanin magani don a tabbata ya gane. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki da hanyoyin maganinsa, cikin harshen da yake ji. A 2018 gwamnatin tarayya ta yi bikin ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata. Talaka nawa ne ya taɓa jin an karanta masa shi da Hausa?

Ga Musulmi ma abin ya girmi wannan duka. Bayan yaƙin Handaƙ, a shekara ta 5 bayan hijira, Manzon Allah (S) ya sa aka ajiye Sa'ad bin Mu'az a tantin Rufaida Al-Aslamiyya, wadda take jinyar masu rauni a masallacin Madina, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Shugaban al'umma da kansa yana zuwa gefen shimfiɗar majinyaci. Yau 'yar Musulmi ta sa fararen kaya tana ƙyamar zanin 'yar ƙauye!

Za a ce aiki ya yi musu yawa. Gaskiya ne, kuma zalunci ne a ɓoye shi. Nas ɗaya takan kwana da ɗaki cike, babu wuta, babu safar hannu, albashi ba ya kai ta ƙarshen wata. A 2024 magatakardan Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta ƙasa ya ce nas 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara 3. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma gwamnatin mai masaukin baƙin ko rabin haka ba ta saba warewa ba. Masu mulki ba su damu ba, domin su da ciwon kai ya kama su sai Landan ko Dubai. Babban alhakin a wuyansu yake.

Sai dai wannan uzuri bai wanke mai tsawa ba. Nas ɗin da ta hantari 'yar ƙauye da safe, ita ce take rusunawa tana "Hajiya sannu, ya jiki?" idan matar babban mutum ta shigo da rana. Gajiyar ta tafi ina? Sannu ba ta jiran kasafin kuɗi. Ga su nan kuma, cikin wannan wahalar dai, akwai nas-nas masu tsoron Allah da suke riƙe hannun mai naƙuda har gari ya waye. Su ne hujja a kan sauran. Wanda aka zalunta daga sama ba shi da izinin sauke zaluncin a kan wanda yake kwance.

Saura matasa. Ɗaga murya a kan nas ko kai mata hannu ba jarumta ba ce, haramun ne, kuma majinyacin ne zai kwana a ciki. Abin da ya kamaci ɗan'uwa shi ne kada ya bar tsohonsa ya shiga shi kaɗai. Ya tsaya cikin ladabi ya yi tambaya uku: mene ne ciwon, yaya za a sha maganin kuma har zuwa yaushe, wace alama ce idan an gani a dawo da gaggawa? Ya rubuta amsar. Idan an wulaƙanta nasa, ya rubuta ƙara ga shugabar nas-nas ko shugaban asibitin, da rana da lokaci. Wanda ya gama sakandare da sakamakon kimiyya ya nemi makarantar jinya, ya kuma tsaya wa ƙanwarsa ta shiga, don gobe uwar wani ta tarar da mai amsa mata sallama.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya saka wa masu jinya na gari da alheri, Ya shiryi sauran. Wassalam.