Kada Mu Cire Yaro Daga Koyon Sana'a Ana Tsakiya

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, a unguwar Briqueterie ta Yawunde yaranmu da dama kan shiga makarantar koyon sana'a, amma ba duka ke kai ƙarshe ba. Me ke tsayar da su?

Na farko kuɗi. Uba ya biya na shiga, ya manta da na kayan aiki, na mota da na jarrabawa. Na biyu Faransanci, wanda kan yi wa yaron da ya taso a makarantar allo nauyi. Na uku, kuma mafi girma, mu ne iyaye. Kasuwa ta yi kyau, sai mu ce ya bar aji ya raka shanu mayankar Etoudi, ko ya tsaya bakin tukubar tsire. Yarinya kuwa a aurar da ita ana saura shekara guda.

Takardar CAP shekara 4 take ci, kuma ba a ba da rabinta. Makarantun malaman dabbobi na Marwa, Fumban da Jakiri ma sai da takarda ake shiga.

Saboda haka kafin a kai yaro, a ware bijimi ɗaya da sunan karatunsa, kada a taɓa shi don wata lalura. Allah ya sa mu dace, amin.