Lasin Gwanjo: Haraji Ko Amana?

Gwanjo sana'a ce wadda ake yin ta da dukiyar wani. Sau da yawa mai kayan yana cikin matsuwa, ko bashi ya ci shi, ko kotu ta yi umurni a sayar da gidansa. Saboda haka ya kamata a san dalilin da ya sa hukuma ke ba mai buga gwanjo lasin.

A Ingila dai neman kuɗi ne ya kawo abin. A 1777, lokacin da ake yaƙin Amurka, gwamnatin Lord North ta sa haraji a kan kayan gwanjo, ta kuma tilasta wa masu sana'ar yankan lasin. A 1845 Robert Peel ya soke harajin kayan, aka bar kuɗin lasin fam 10 a shekara.

Turawan mulkin mallaka sun kawo wannan tsari Nijeriya, ya zama ba mai buga gwanjo sai da lasin, kuɗin kuwa na baitulmali ne. Amma dokar ba ta tsaya nan ba. Wadda ke cikin kundin dokokin Jihar Arewa na 1963 ta hana sayar da fili ko gida sai an yi sanarwa ta aƙalla kwana 7. Ta kuma ce takarda kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da kiɗan ganga ko wata hanyar da wanda bai yi boko ba zai gane. Hikimar a fili take: in masu saye suka yi yawa, farashi ya tashi, mai kaya ya sami rarar da zai rufa asirinsa.

Wannan ɓangare ne ke saurin lalacewa. In hukuma ta karɓi kuɗin lasin ta kau da kai, sai a yi gwanjo a ɓoye, 'yan tsiraru su haɗa baki su saye gidan talaka ko motocin gwamnati a kuɗin banza.

Muna kira ga gwamnatocin jihohi su sake duba waɗannan dokoki. A wajabta sanarwa a rediyo da harshen mutanen gari, a bayyana abin da aka sayar da kuɗinsa, a ƙwace lasin duk wanda ya ci amana. Hukumar da ta karɓi kuɗin lasin ta ɗauki alhakin tsare dukiyar da aka buga wa ƙararrawa.