Butar Shayin Dresser da Furojet Ɗinmu da ke Tsatsa

Ranar Talata na bi ta bayan wokshop, na tarar da furojet ɗin waɗanda suka fita bara an jibge su waje guda, ruwa na duka, rana na duka, sai jiran 'yan jari-bola. Har da aikin yayana a ciki. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, ya kuma tuna mini wani labari na Ingila da ya kamata kowane ɗalibin fasaha ya sani.

A 1840 kamfanin Elkington na Birmingham ya yi rajistar dabarar shafa wa ƙarfe ruwan azurfa da lantarki. Tun daga nan mai ƙaramin ƙarfi ma ya samu kwanuka masu sheƙin azurfa, alhali cikinsu ƙarfe ne mai araha.

Bayan Christopher Dresser ya ziyarci Japan, sai ya zana wa kamfanin James Dixon & Sons na Sheffield wasu butocin shayi irin waɗannan a 1879. Ba fure, ba kwalliya. Ɗaya ma murabba'i ce da huji a tsakiyarta. Kaɗan aka ƙera. Da ya rasu a 1904 aka kusa mantawa da shi, sai a 1937 masanin tarihi Nikolaus Pevsner ya yi rubutu a kansa. Yau gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan na ajiye da aikinsa, kamfanin Alessi na Italiya kuma ya sake ƙera wasu.

To me ya ba su daraja? Ba azurfar ba ce, don in aka kankare ta ba ta taka kara ta karya ba. Zanen ne, da sa hannun Dresser da aka buga a jiki, da littafin lissafin kamfanin da bai ɓace ba.

Mu fa? Da an ba da maki shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Shawarata ga ƙungiyarmu: a nemi ɗaki guda, duk shekara a zaɓi ayyuka mafi kyau a ajiye, da sunan mai aiki, shekara da zanensa. Kai kuma ɗan'uwa, buga sunanka a jikin abin da ka ƙera. Ni dai nawa ba zai kwana a bayan wokshop ba.