Tallar waya na isowa har Keita, amma wa ke tallata albasar Madaoua?

A watan Yunin 2025 kamfanin Meta, mai Facebook, Instagram da WhatsApp, ya sanar cewa zai fara saka tallace-tallace a sashen Status na WhatsApp. A Amurka labari ne na masu hannun jari. A Madaoua, Bouza da Keita kuwa ya taɓa abincin mutane, domin wannan sashe ne ƙananan 'yan kasuwa suka mayar rumfarsu. Mai atamfa, mai turaren wuta, mai gyaran salula, kowa kan ɗora hoton kayansa da safe ya jira saƙon murya, ba tare da biyan ko dala ba. Yanzu masu kuɗi za su shigo wannan rumfa su baje nasu kayan.

Yadda abin ke aiki ba boyayye ba ne. Manhajar tana lura da abin da mutum ya tsaya kallo, daƙiƙa nawa ya yi a kai, garin da yake da harshen da ya sa wa wayarsa, sannan ta kwatanta shi da dubban masu irin halinsa. Wanda ya kalli takalmi sau biyu a TikTok zai kwana uku yana ganin takalma. Kamfanin Amazon ya fara irin wannan lissafi tun ƙarshen shekarun 1990, kuma a yau kusan duk kuɗin shigar Meta daga talla suke fitowa.

Sai dai na'urar rabin ciniki kawai take gani a ƙasar Adar. Ana ganin kaya a Facebook, a koma WhatsApp a yi tayi da murya, a tura kuɗi ta Nita, Amana ko Al Izza, kayan su iso tasha cikin motar fasinja. Ta san abin da ido ya kalla, ba ta san abin da aljihu ya biya ba. Don haka wanda ya sayi gurbin talla shi ke kan gaba, sayen gurbin kuma yakan buƙaci katin banki, abin da akasarin masu rumfa a Bouza ba su da shi. Sakamakon a fili yake: shadda daga Kano, turare daga Dubai, kayan waya daga Sin suna bin matasa har ɗaki, musamman gidajen da kuɗin 'yan ci-rani ke shigowa daga Abijan ko Libiya. Hanyar ta zama mai shigowa kawai.

Abin da yankin ke da shi na sayarwa kuwa ba ƙarami ba ne. Albasar kwarin Tarka da Maggia, da ta fadamun Keita, ita ce ke cika manyan motocin da ke bin babbar hanya mai lamba 1 zuwa Ghana da Côte d'Ivoire. A 2023 hukumar OAPI ta yi wa albasar Violet de Galmi rajistar asali, tare da kilishin Nijar, wato suna ne da doka ta kare, irin wanda 'yan kasuwar wasu ƙasashe ke kashe miliyoyi kafin su samu. Amma babu wata manhaja da ke nuna wa mai gidan abinci a Accra buhun manomin Madaoua. Manomin yana nan inda yake: a watannin Maris da Afrilu kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, mai bashi yana bakin ƙofa. Wanda ke da hali ya zuba tasa a rudu ya jira tsada, yana kallon wani kaso na ruɓewa. Rufe iyakar Benin tun 2023 ya ƙara wa hanya tsawo da tsada, kuma a ƙarshe manomi ake rage wa.

A nan ne ake gane cewa dillali ya riga na'ura sanin sana'ar. Ya san wane alhaji ke son manyan ƙwaya, wane ne ke biya hannu da hannu, wane ne sai mota ta dawo. Wannan sani shi ne jarinsa, shi ya sa ba ya son ya bazu. Masu cewa intanet zai kawar da shi ba su san kasuwar albasa ba, domin shi ne ke tsayawa lamuni tsakanin mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba. Abin da waya ta canza shi ne farashi ya daina zama sirrinsa shi kaɗai. Ƙungiyar RECA, mai haɗa majalisun manoma na ƙasa, ta daɗe tana amsa tambayoyin manoma ta kiran waya da saƙon murya na WhatsApp cikin Hausa da Zabarmanci, kuma wannan ya fi kusa da buƙatar mai garka fiye da duk wata tallar zamani. Matsalar ita ce shawara ce kan noma, ba mai saye ba ce.

Akwai kuma batun bayanan mutane. Nijar tana da doka kan kare su tun 2017, an sabunta ta a 2022, kuma hukumar HAPDP ce aka ɗora wa kula da ita daga Yamai. Meta ya ce ba zai karanta saƙonni don zaɓen talla ba, zai dogara ne da gari, harshe da tashoshin da mutum ke bi. Ko da an yarda da hakan, matar da ta tura jaka goma don atamfar da ta gani a waya, lambar kuma ta daina shiga, ba Meta za ta kai ƙara ba. Irin wannan damfara ita ce ke sa mutane da yawa ƙin biya sai sun ga kaya, abin da ke hana cinikin nesa girma.

Shigowar Starlink a 2025 na iya rage kukan rashin rezo a ƙauyukan Keita da Bouza, ga masu iya sayen na'urar. Layi mai ƙarfi zai ƙara yawan tallar da ke shigowa tun ranar farko. Kafin ya fitar da buhu ɗaya, sai ƙungiyoyin manoman albasa irin su ANFO sun daidaita nauyin buhu, sun tantance inganci, sun kuma samar da wanda zai riƙe kuɗin mai saye har mota ta sauke kaya.